Reshen da Des Ya Yanko

Duk wanda ya taɓa ɗibar iyalinsa ya hau Dutsen Field a ƙarshen watan Afrilu, ya je ya dawo taya ba ta fashe ba, yara ba su yi amai ba, to ya ci arzikin Des Ransley ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shekara talatin da takwas mutumin nan ya yi a kan gireda yana gyaran hanyar burjin da ta taso daga gindin dutsen, ta yi ta murɗewa cikin itatuwan turare har ta kai tafkunan sama. Mu mutanen Westerway da shi muke gane kaka ta shigo. Da mun ji gurnanin giredarsa ta wuce da sassafe a farkon Afrilu, sai mata su fara neman inda suka jefa fulas ɗin shayi tun bara.

Abin da ake hawa a gani kuwa fagus ne. Itatuwanmu na asali a nan Tasmania ba ruwansu da kaka, kore suke shekara ta tafi ta dawo. Shi kaɗai ne ya fita zakka. Gajeren itace ne mai murɗaɗɗun rassa, ganyensa bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma ba ya yarda ya tsiro sai can sama inda sanyi ke cizo. Mako biyu kacal yake yi yana rikiɗa daga kore zuwa ruwan zinari, daga nan zuwa ruwan goro, sai iska ɗaya ta zo ta kakkaɓe shi tas. Saboda haka ranar ashirin da biyar ga wata, ranar tunawa da sojoji, da an watse daga taron safe sai kowa ya loda yara da kakanni a mota a nufi sama. Haka muka tarar ana yi.

An haifi Des a Maydena, ɗan mai saran katako, na biyar cikin 'ya'ya bakwai. Yana da shekara goma sha biyar ya yi sallama da makaranta, malamai ba su yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Ya yi saran itace, ya yi tuƙin tarakta, sannan ya shiga tsinkar hop a gonakin Bushy Park, furen nan da ake sa wa giya. Can ya gamu da Noelene. Ita ta fara yi masa magana, kuma maganar faɗa ce, domin leƙa kwandonsa ta yi ta ce rabinsa shara ce, in bai iya ba ya matsa wa mutane. Washegari ya dawo ya tsaya a layin da ke kusa da nata, haka jibi, haka gata, har dai ta gaji ta aure shi.

Kan gireda ne Allah ya ajiye masa baiwarsa. Mutumin da ba ya iya haɗa kalma goma a jere, amma ka taɓo masa zancen hanya sai ka nemi hanyar gudu. Cewa yake dole hanya ta yi doro a tsakiya kamar bayan saniya, ruwa ya gangara hagu da dama, in ba haka ba damina ɗaya ta cinye ta. Kwalbati kuwa da hannunsa yake yashewa, bai yarda da kowa ba. In ya gama aikin Afrilu sai ya cika kofi da shayi, ya ɗora a gaban a-kori-kurarsa, ya tuƙa tun daga ƙasa har sama. Duk inda shayi ya zube, washegari gireda za ta koma wurin. Motocin da ya jawo daga rami kuwa, da matan da ya canza wa taya, da yaran da ya ɗauka a cinya suka danna hon, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Amma fa inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ko sau ɗaya bai taɓa kai nasa iyalin kallon fagus ba. Asalin abin kuwa ba wani abin kirki ba ne. Shekarar farko ta aurensu, Noelene ta same shi a bakin mashaya cikin abokansa, ta ce ya zo su hau gobe. Shi kuma, don a ce namiji ne, ya ce ganye ai ganye ne, in ganye take so ga tsakar gida can ta je ta share. Abokai suka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Magana zarar bunu ce, tun daga ranar ba ta sake kiransa ba, shi kuma girman kai ya hana shi cewa a tafi da shi.

Ita dai ba ta fasa ba. Da fari motar yayarta take bi, daga baya ta koyi tuƙi takanas saboda wannan rana ɗaya. Shekara hamsin da ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba, da ciki, da goyo, da mura, da komai. Za ta ƙunsa burodi da ƙwai, ta toya biskit, ta cika fulas biyu, ta ja 'yarsu Kerryn, daga baya har da 'ya'yan Kerryn ɗin, su zauna a bakin tafkin Fenton har rana ta karkata. Doka ɗaya gare ta, kuma duk kwarin nan an san ta da ita: ba a tsinkar ko ganye ɗaya. Hukumar gandun daji ma ta hana, amma ta Noelene ta fi zafi. Ta taɓa tsayar da wani ƙaton mutum daga Sydney, wanda ya ninka ta biyu, ta sa ya ciro ɗan reshe daga aljihu a gaban matarsa. Des kuwa ko bayan ya yi ritaya bai canza ba. Iyaka dai kowace shekara, wata Talata ko Laraba a ƙarshen Afrilu, yakan ce zai hau ya duba ɓarnar da wanda ya gaje shi a kan gireda ya yi.

To bana a watan Fabrairu, Noelene ta fito ta ƙofar baya da kwandon wanki, ƙafa ta zame mata a matakala, ta faɗi a kan siminti ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki a Hobart, aka dawo da ita ƙaramin asibiti kusa da gida don ta sake koyon tafiya. Aikin ya yi kyau, in ji likitoci. Matar ce ba ta dawo ba. Mace wadda ba ta taɓa barin wani ya riƙe mata jaka ba, yau sai mutum biyu sun ɗaga ta kafin ta shiga bayi. Tsoro ya kama ta, kunya ta kama ta, ta juya wa duniya baya ta fuskanci bango. In an kawo mata ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa, sai ta ce a kai wa mai bukata.

Likitar gashin ƙashin da ke kula da ita wata 'yar Nepal ce mai suna Sushila, mai haƙuri, amma ba ta ɓoye gaskiya. Ta zaunar da Des da Kerryn ta faɗa musu dalla-dalla. Gadon nan ba za a iya riƙe wa Noelene shi ba bayan goma ga watan Mayu. In zuwa ranar ta iya taku talatin da ƙarfe, ta hau matakala uku, gida za ta koma. In ba ta iya ba, sai gidan kula da tsofaffi. Des ya san gidan sarai. Can aka kai yayarsa, kuma bai taɓa ganin wanda ya shiga da akwati ya fito da shi ba. Kullum yakan zo da ƙarfe goma ya zauna a gefen gadonta, hula a gwiwa, ya ba ta labarin tumatir da na yanayi, ya rasa abin ƙarawa. Ita kuma ta ce masa, "Je ka gida, Des." Ya tashi ya tafi, ya tarar da gida shiru, ya soya ƙwai ya ƙone, ya ci a tsaye. Tsoron rasa ta yake ji ƙwarai, amma bakinsa ba a yi shi don irin wannan magana ba.

Ranar ashirin da biyar ga Afrilu ta zo da rana fes, ba ko gajimare. Daga tagar ɗakinta ana hango titi, motoci jere cike da yara sun nufi sama, dogayen itatuwan bakin kogin Derwent duk sun zama rawaya. Noelene ta duba sau ɗaya ta ce wa Des ya ja labule. Ya ja. Ya ɗan zauna, ya ji kujerar ba ta zaunuwa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Sama ya nufa. Bai tsaya a tafkin Fenton ba, inda mutane suka cika maƙil da barguna da fulas. Gaba kaɗan, a wata kwana mai kaifi, akwai wani filin tsakuwa inda yake juya gireda a da, an jera duwatsu a bakinsa don kada motoci su shiga. Shi da kansa ya jera su, kuma ba hukuma ce ta sa shi ba. Daga titi ba ka ganin komai. Sai ka taka har ƙarshen filin, inda ƙasa ta faɗa wani ɗan kwari da manyan duwatsu suka kare daga iskar yamma. Kwarin nan cike yake da fagus tun daga sama har ƙasa, tsofaffi, manya, irin waɗanda babu kamarsu a bakin tafki.

Gaskiyar da ba wanda ya sani ke nan. A shekararsa ta biyu a kan gireda ya tsaya nan cin abincin rana, ya leƙa, ya kasa haɗiye lomar da ke bakinsa. Tun daga lokacin duk Afrilu nan yake cin abinci shi kaɗai a kan wani faffaɗan dutse, yana kallo har lokacin aiki ya kusa wucewa. Sau nawa ya dawo gida da niyyar faɗa mata, sai ya tuna dariyar bakin mashaya, sai ya ce bari dai sai baɗi. Duba ɓarnar sabon direba da yake cewa kuwa, nan yake zuwa.

Ran nan ya tsaya a bakin kwarin yana tunanin labulen da ya ja. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin da ya yi wata biyu ba ya cin abincin kirki. Tunda ita ba za ta zo ba, ai sai ya kai mata. Ya ciro wuƙar aljihu ya yanki reshe mai tsawon kamu biyu, ya ɓoye cikin kwat kamar ɓarawon kaza, ya kwantar da shi a kujerar gaba. Kuma saboda sanyi ya kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe. Kafin ya sauka gindin dutse rabin ganyen na ƙasa.

Ya shiga ɗakin riƙe da abin a gaba, ya ajiye mata a kan bargo. Noelene ta juyo. Ta dubi reshen, ta dube shi, ta sake duban reshen.

"Mene ne wannan, Desmond?"

Shekara hamsin da ɗaya, sau uku kawai ta taɓa kiransa da cikakken sunansa, kuma ba ɗaya da ya ƙare lafiya. Nan take ya sha jinin jikinsa.

"Na ga ba ki je ba," ya ce, "shi ne na ce bari in kawo miki."

"Da me ka yanka?"

"Da wuƙata."

Ai kuwa sai ta yi masa wankin babban bargo. Muryar da aka yi wata biyu ba a ji ba ta fito har ƙarshen baranda. Ta tambaye shi ko ya san reshen nan ya girmi aurensu. Ta ce ita da ta tsayar da baƙi daga Sydney, ashe ɓarawon yana gidanta tana dafa masa abinci. Ta ce tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, da furfura har a hanci, bai san abin da yaro ɗan shekara biyar ya sani ba. Des ya tsaya tsuru-tsuru yana murza hula. Tana cikin faɗan ta ɗauki reshen ta kai kusa da ido, sai ta yi shiru. Ganyen da suka rage manya ne, launinsu ya fi zurfi, kuma gefensu ba inda iska ta ci.

"Wannan ba na bakin tafki ba ne," ta ce. "Na bakin tafki na san su ɗaya bayan ɗaya. Ina ka samo shi?"

Allura ta tono garma. Des ya yi ta kame-kame, ta ƙi sakinsa, har ya faɗi komai: filin, duwatsun da ya jera, faffaɗan dutsen, da Talatocin ritaya. Da ta buɗe baki kuma muryarta ta sauka, wannan ya fi masa faɗan ciwo.

"Wato abincin da nake ƙunsa maka kake zuwa ka ci a gaban itatuwan nan. Ni kuwa ina can ƙasa da yarinya a hannu, ina ba mutane haƙuri, ina cewa mijina ba ya son irin wannan abu."

"Na so in faɗa miki, Noe."

"Yaushe? Ranar jana'izata?"

Ta ce abu biyu zai yi. Na farko, gobe da safe ya je ya kai kansa wurin ma'aikatan gandun daji. Na biyu, ya kai ta ta ga raunin da ya yi wa itacen da idonta. Ya ce mota ba ta shiga filin, keken guragu kuma nutsewa zai yi a tsakuwa, sai da ƙafa, taku talatin da huɗu ne daga duwatsu zuwa baki. Ta tambaye shi ko ƙirgawa ya yi. Ya ce shekara da shekaru yana takawa, ai dole ya sani. Duk wannan abin da ake, ba wanda ya lura a cikinsu cewa Noelene zaune take a bakin gado, ƙafafu biyu a ƙasa, kuma ba wanda ya ɗaga ta. Sushila ce ta gani daga bakin ƙofa, ta juya a hankali ta tafi ɗauko ƙarfen.

Washegari Des ya sa rigarsa mai kyau ya je ofishin gandun daji. Ma'aikaciyar da ya tarar, Bronwyn, tun tana ƙarama ya taɓa jawo motar ubanta daga rami. Ta saurare shi har ƙarshe, ta rubuta sunansa, ta ja masa kunne sosai, sannan ta tambaye shi ko Noelene ce ta turo shi. Ya ce ita ce. Ta ce ta san za a rina. Kafin ya fita ya roƙi izinin abu ɗaya, ta ce ya yi, muddin shebur ɗinsa bai taɓa ko ciyawa ɗaya ba bayan tsakuwa.

A asibiti kuwa yaƙi ya tashi. Ranar farko taku huɗu, da gumi da zagi. Ta biyu takwas. Ta uku biyar, ta yi kuka ta ce a ƙyale ta, da yamma kuma ta ce a kawo ƙarfen. Ba ta yi wa Des magana sai tambaya ɗaya kullum, ko ganyen na nan. Shi kuma ya daina zaman ƙarfe goma, sai da yamma yake zuwa. Da sassafe yake hawa dutse da manjagara da shebur da baro, ya yi ta baje tsakuwar filin nan da hannu, yana cike ramuka, yana daddaɓewa da bayan shebur. Faɗinta bai wuce na ƙarfen dogarawa da kaɗan ba, amma sai da ya yi mata doro a tsakiya. Mutumin da ya yi wa rabin Tasmania hanya, sai yanzu ya yi wa matarsa.

Ranar uku ga Mayu iskar yamma ta taso, ta kwana biyu tana bugawa, har da dusar ƙanƙara a ƙololuwa. Kowa a kanti ya ce shi ke nan, fagus ɗin bana ya tafi. Kerryn ta kira ubanta ta ce a bar zancen tafiyar nan, kada a wahalar da Mama a kai ta ta ga itace tsirara, zuciyarta ta sake karyewa. Des bai yi gardama ba, ya dai hau. Bakin tafki ba ko ganye ɗaya, duk suna kan ruwa. Ya taka filinsa, ya leƙa. Na sama-sama sun zube, amma cikin kwarin na nan daram, har ma ya fi nuna. Ya dawo ya ce wa Kerryn ta toya biskit, Lahadi za a tafi. A lokacin iyakar abin da Noelene ta taɓa yi taku goma sha tara ne.

Sushila ta ba da izinin fita na yini ɗaya, da sharuɗɗa cike da takarda. Ranar Lahadi bakwai ga wata aka ɗauki motar Kerryn, Des a kan sitiyari, Noelene a gaba cikin matasai, Kerryn da 'ya'yanta mata biyu a baya da fulas da kwandon abinci. Tun da aka haifi Kerryn ba a taɓa ganin ubanta a wannan tafiya ba, 'yan matan suka yi ta tsokanarsa ko ya san hanya. Shi kuwa tun da aka bar kwalta ya fara mita, nan an bar gargada, nan kwalbati ya toshe, wannan direban da ƙafa yake aiki ko da ido rufe. Noelene ta ce ya rufe baki ya yi tuƙi. Ta sauke gilashi duk da sanyin, ƙamshin jiƙaƙƙen daji ya cika motar. Da suka wuce tafkin Fenton ta ga rassa tsirara, sai ta damƙe jakarta.

A bakin duwatsun Kerryn ta buɗe bayan mota za ta fito da keken guragu, ko don a kai ta rabin hanya. Noelene ta ce a mayar, ba a keke za ta je ganin ɓarnar Desmond ba. Aka tsayar da ita, aka ba ta ƙarfe. Ta dubi 'yar siririyar hanyar da aka baje aka daddaɓe, sabuwa fil, ta dubi hannuwan mijinta da suka yi kanta, ta kawar da kai.

Des ya tsaya a gabanta yana ja da baya, hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba. Ba wanda ya ƙirga a fili, amma kowa na ƙirgawa. Ƙarfe gaba, ƙafar ciwo, ƙafar lafiya. A taku na goma sha biyu ta tsaya ta huta. A na goma sha tara, inda ta saba ƙarewa, fuskarta ta yi fari. Kerryn ta matso, Des ya girgiza mata kai. A na ashirin da biyar ta ce ba za ta iya ba, ta faɗa a fili, da hawaye.

"Saura tara, Noe," ya ce. "Daga nan kuma gangara ce kaɗan. Da gangan na yi ta haka."

Ta ce masa munafuki. Ta ɗaga ƙarfen.

Da ta iso baki aka zaunar da ita a kan faffaɗan dutsen, aka lulluɓe mata ƙafafu. Kwarin na ƙarƙashinta, zinari da ruwan goro tun daga ƙafarta har inda ido ya tsaya, rana na ratsa shi ta gefe. Noelene ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba ba ta share ba. Sai can ta ce a nuna mata wurin. Des ya nuna ɗan farin tabon da wuƙarsa ta bari. Ta duba da kyau, ta ce aƙalla yankan ya fita tsaf, bai yage ɓawo ba. Kerryn ta ja 'ya'yanta suka koma mota ɗauko abinci, kuma ba su yi sauri ba.

Des na tsaye a gefe kamar baƙo. Ta matsa kaɗan ta buga dutsen da tafin hannu, ya zauna.

"Talatin da huɗu," ta ce. "Yarinyar nan Sushila talatin ta nema."

"Saura matakala."

"Na sani. Laraba zan hau mata su, in Allah ya yarda. Kai kuma kafin nan ka nemo mai walda ya sa mini ƙarfen riƙewa a ƙofar baya. Ba zan dawo gida in sake faɗuwa ba."

Des ya dubi takalminsa.

"Na riga na sa," ya ce. "Tun watan Maris."

Ta juyo ta dube shi. A watan Maris ko juyowa daga bango ba ta yi, kullum korarsa take.

"To ka sake gwada shi," ta ce. "Na san aikinka in ba hanya ba ce."

Amma hannunta na kan gwiwarsa lokacin da take faɗa, kuma ba ta ɗauke ba har su Kerryn suka iso da kwandon.